Haruffa Uku a Akwatin Amarya

Ranar kasuwar Gorlice Harasym ya fara ganin Yewka. Ta shigo ɗan gidan buga littattafan da yake jera haruffa, rungume da takardu. Littafin koyon karatu ta rubuta wa yaran ƙauyensu na kan duwatsu, da harshen da muke yi a gida.

Ya duba shafin farko, ya ɗago kai. "Har lem kika sa?"

"To da bakin wa zan ce kawai? Na mutanen birnin Lwow?"

Lem dai ita ce "sai" ko "kawai" a bakinmu, kuma saboda ita maƙwabta suke ce mana Lemko.

Da shafukan gwaji suka iso ƙauye, ta tarar da 'yar takarda bugaggiya a tsakiya: "Kurciyata, shafi arba'in na jera, ban yi kuskure ba sai inda kika faɗo mini a rai. Ba na son kowa, lem ke."

Ta mayar masa: "Mai baƙin yatsu, fara gyara shafi na tara tukuna." Amma takardar a ƙirjinta ta ɓoye ta.

Shekarar 1938 ce. Hukumar Poland ta soma kwashe irin waɗannan littattafai daga makarantu, 'yan sanda suna zagayawa da jerin sunaye. Wasu na cewa mu 'yan Ukraine ne, wasu Rashawa. Ana cewa littafi ke gaya wa mutane ko su wane ne. Ni dai na ga ya fi yawan gaya wa hukuma ƙofar da za ta buga.

Mahaifin Yewka, Seman, mai jan waƙa a coci, wani malami Ostap yake so ta aura, wanda ya koya masa cewa lem maganar makiyayan tumaki ce.

Da Harasym ya zo neman aure, tsohon ya ajiye littafin a tebur. "Ka cire kalmar nan duk inda take, ka sa ta boko, na ba ka ita."

Yewka ta ƙame a jikin murhu. Ba ta san wanne ta fi tsoro ba: ya ƙi ya rasa ta, ko ya yarda.

"Baba, ba zan iya ba," in ji Harasym. "Maganarta ce. Ni jerawa kawai na yi."

Seman ya daki tebur. "To ba za ka aure ta ba, lem bayan raina!"

Matarsa Oryna ta goge hannu da zani. "Me ka ce, Malam? Maimaita mana, mu makiyaya ba mu ji ba."

Tsohon ya kalli littafin, sannan ya ce, "Ku je ku ga limamin coci."

An ɗaura aure da kaka. Kwana biyu kafin nan 'yan sanda sun garƙame gidan bugawa, amma ba su sami littafin ba: kwafi ɗari uku suna akwatin amarya, ƙarƙashin zannuwan gado. Keken dokin da ya ɗauko shi sai da ya kauce wa motocin soja har sau biyu.

A bakin ƙofa Seman ya ɗora musu hannu. "Allah Ya haɗa kanku, Ya bar ku a duwatsun nan."

Kowa ya ce amin da ƙarfi, ya fi yadda aka saba, don raɗe-raɗin yaƙi ya cika ko'ina. Yewka ta riƙe baƙin yatsun mijinta, ta zauna a kan akwatin.