Hoton Dattijo Mai Shan Fura

Wajen ƙarfe biyu na rana ne, zafin Lafiya ya kai inda masu keke napep ma sun fake a gindin mangwaro. Babu wuta. Safiyullahi na zaune a ƙofar ɗan shagonsa na ɗaukar hoto yana fifita da kwali, sai ga wata budurwa ta yi sallama.

"Fasfo nake so, na makarantar koyon jinya."

Ya zaunar da ita gaban farin ƙyalle. Ya ɗauka, ya duba, ya ce a sake. Ya sake, ya ce bai yi ba.

"Malam, ni ce ban yi ba ko kyamarar?"

"Hannuna ne yake rawa."

"To ka sha magani."

Tyav, mai gyaran waya a shagon gefe, ya leƙo yana dariya. "Sista, tun da nake nan hannun mutumin nan bai taɓa rawa ba sai yau."

Sunanta Adawiyya. 'Yar Fulanin Adogi ce, irin waɗanda suka daɗe da ajiye yawo suka haɗa noma da kiwo. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, yayan mahaifiyarta ya riƙe ta, kowa Kawu yake ce masa. Fasfo dai an karɓa, amma zuwa shagon bai ƙare ba. Ita tana ce masa Mai rawar hannu, shi yana ce mata Ada tawa.

To shi Safiyullahi mutum ne da zama ba ya masa daɗi. Duk ranar kasuwa sai ya rufe shago ya shiga ƙauye. Ya ɗauki matan Keana suna dafa gishiri, ya ɗauki kunyar doya, ya ɗauki rumbuna, ya zuba a intanet. A haka wani Bature mai suna Norbert, wanda ke tara matasa masu ɗaukar hoto, ya gani ya gayyace shi Maroko. Za su zaga ƙauyuka da tsofaffin gine-gine, su baje hotunansu a birnin Fas, daga nan su tsallaka Sifen.

Kafin tafiyar ya sha zuwa Adogi gaisuwa. Tun daga nesa yake durƙusawa, kansa a ƙasa har ya tashi, don Adawiyya ta ja masa kunne cewa a gidansu ba a kallon suruki. Kawu ma gefe yake juyawa. Da baffan Safiyullahi ya kawo maganar aure, ga abin da Kawu ya ce:

"Mu mun bar yawo mun zauna, shi kuma yanzu zai fara? Ya je ya dawo tukuna, mu ga ko ƙafarsa tana zama."

Daga ranar da ya tafi wayar Adawiyya ba ta huta ba. Tana aji tana leƙawa, tana wanke-wanke tana leƙawa.

"Ada tawa, yau mun hau wani ƙauye a kan dutse. Gidajen duk na jar ƙasa ne, ɗaya kan ɗaya, an ce sun yi ɗaruruwan shekaru. Na taɓa bangon, wallahi kamar rumbun kakata. Wata tsohuwa tana gasa burodi a rami, ta ba ni mai zafi."

"Tsohuwa ce da gaske, ko ka ƙara mata shekaru don ni?"

"Ba ta da haƙori ko ɗaya, ranki ya daɗe."

Wata rana kuma: "Mun shiga Fas. Ganuwar ta fi bene tsawo. Lungunan nan jaki ne kawai ke shiga, na ɓata har na gaji da tambaya. Ina ta yawo, amma hankalina yana Adogi. Gobe za a buɗe hotunanmu. Nawa ne a bakin ƙofa, babba, ya fi ni tsawo."

Hoton na wani dattijo ne da ya ɗauka a kasuwar Adogi tun kafin ya san Adawiyya. Daga nesa ya hango shi a bayan wata rumfa, ya fake inda yake zaton ba mai ganinsa, ya kafa kai a ƙwarya yana shan fura, nono har a gemu. Norbert ya ce a duk hotunan babu kamarsa, ya sa shi a intanet don tallar bikin.

Hoto ya bi waya waya har ya faɗo hannun Hizbullahi, wani ɗan dangin su Adawiyya da ya daɗe yana kai kansa neman aurenta ana ce masa ya dakata. Sai da ya zaga da shi majalisa da masallaci, sannan ya kai wa mai shi.

Safiyullahi na tsaye gaban hoton, baƙi na ta yaba masa, saƙon Adawiyya ya shigo.

"Safiyullahi, ka san wa ka rataye a bango? Kawu ne. Mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin yana kai loma ba. Kai da za ka zama surukinsa ka nuna wa duniya bakinsa a ƙwarya. Ya daina fita kasuwa. Ya ce maganarmu ta mutu."

Ba Mai rawar hannu, ba komai. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya fita ya bi lungu, ya dawo, ya sake fita. Ya ƙura wa fuskar dattijon ido, shi dai har yanzu bai ga alamar ya san ta ba.

Ya sami Norbert ya ce a sauke hoton.

"Me ya yi? Ai babu abin kunya a ciki. Mutum ne yana cin abinci."

"Abin kunyar ke nan."

Norbert ya yi ta lallashi. Ya ce da wannan hoton aka karɓe shi a Sifen, in babu shi babu gurbinsa. Safiyullahi ya tuna manyan gidajen dutsen da ya daɗe yana mafarkin ɗauka. Sai ya nemi tsani ya hau da kansa, ya naɗe hoton. Bangon ya zauna wayam har aka gama biki. Norbert bai ji daɗi ba, amma ya cire na intanet ɗin, ya raka shi tasha.

Tyav ne ya tare shi a Lafiya. "Oga, ka je ƙasar waje ka dawo da tabarma?"

"Kai dai kai ni gidan Baffa."

Suka yi ta zarya Adogi ana ce musu Kawu ba ya nan. Adawiyya ta rame. Saƙo ɗaya ta turo: "Na ji abin da ka bari. Amma ni ba zan tsallake Kawu ba."

Ranar da Kawu ya yarda ya fito, Hizbullahi ma yana wurin. Baffa ya ajiye naɗaɗɗen hoton a gabansa ya ba da haƙuri. Kawu bai taɓa shi ba, bai kuma kalli Safiyullahi ba. Da Baffa yake magana.

"Tambaye shi. Yaron da ya yi ta zuwa gidana, zai ce bai gane ni ba?"

"Ƙarya yake yi," in ji Hizbullahi.

Safiyullahi, kansa a ƙasa, ya ce, "Baffa, gaya wa Kawu ban taɓa ganin fuskarsa a gidan nan ba. An ce kar in kalla, ban kalla ba. Ƙafafunsa na sani."

"Ƙafafuna? To yaya suke?"

"Babban yatsan hagu ba shi da farce."

Wani tsoho a gefe ya tuntsire da dariya. "Bijimin nan ne da ya taka ka!"

Kawu ya ja ƙafarsa ya cusa ƙarƙashin riga. Can ya ce, "Laifi dai ya yi. Ba a ɗaukar mutum ba a tambaye shi ba, ko wane ne. Amma shi bai san ni ba ya rataye ni, da ya sani ya sauke." Ya juya wajen Hizbullahi. "Kai fa? Kai ka san ni sarai, ka zaga da ni gari."

Hizbullahi ya nemi takalminsa.

Da yamma wayar Safiyullahi ta yi ƙara. "Mai rawar hannu, an ce ka turo magabatanka. Kuma daga yau ko akuya za ka ɗauka, ka yi mata sallama."

"Ada tawa, ko kaza ce sai ta sa hannu."

Bayan an cire doya aka ɗaura aure a ƙofar gidan Kawu. Liman ya yi addu'a, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa ƙafar ango ta zauna inda alheri yake. Aka shafa, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Tyav ne ya riƙe kyamara, rabin mutanen ya yanke musu kai.

Da ango zai fita, babbar rigarsa ta maƙale a shingen ƙaya. Ya ja, ta ƙi. Abokai sun yi gaba, ba wanda ya lura. Sai ya ji wani a bayansa yana zare ƙayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kar aikin rigar ya yage. Ya ɗan waiga, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Kawu ya kakkaɓe gefen rigar, ya sake ta, ya wuce wajen shanunsa.