Katifar Lamba Huɗu a Bakin Titi

Butar lantarkin na fara gani, sannan na ga katifar.

Suna jingine a bakin titin ƙofar jami'a, cikin tarkacen da ɗalibai ke zubewa su sayar duk ƙarshen shekara. Butar nan ni na saya masa. Har tsagewar da hannunta ya yi ranar da ta faɗi a shagona tana nan.

A garinmu ba sai an gaya maka mutum zai tafi ba. In ka ga katifarsa a titi, shi ke nan, ya gama da mu.

"Ko za ki saya ne?"

Na juya. 'Yar ajinsu ce, wadda nake kira Mai Tabarau. Ta daɗe tana yi min sintiri a shago da sunan buga takarda, alhali shi take nema.

"Kayan Lamba Huɗu ne ai," ta ce tana murmushi. "Au, bai gaya miki ba? Kamfani ya ɗauke mu aiki a babban birni, ni da shi..."

"Allah ya sanya alheri," na ce, na wuce.

Lamba Huɗu ɗan haya ne a gidanmu. Umma tana ba ɗalibai ɗakuna shida, kuma da lambar ƙofa take kiran kowa. Shekara uku yana ɗaki na huɗu. Ni kuma ina da shagon fotokwafi da ɗaure kundin kammala karatu a jikin gidan. Nan ya saba zama yana jera min shafuka, yana ce min "Mai Inji ta" har na saba, har na zama in bai zo ba aikin ba ya yi min daɗi.

Wallahi a gajiye nake ranar. Sati biyu ke nan ina ɗaure kundaye, yatsuna duk gam, bayana kamar an daka. Na shiga gida na tarar da Umma tana wanke bokitai.

"Ya kawo min makulli da safe," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Na jingina da bango.

"Shekara ashirin ina ba ɗalibai ɗaki, 'yar nan. Su zo su ci, su sha, su yi soyayya a bakin tafki, su ɗauki takardarsu su kama gabansu. Yayarki shekara nawa ta yi tana jiran wanda ya ce zai dawo?"

"Umma, don Allah..."

"Na yi shiru. Amma na gaya miki."

Na koma shago. Ban yi kuka ba, ban ma da ƙarfin yi. Da la'asar ina yanke gefen wani kundi sai ga shi ya shigo da fara'arsa, kamar wanda bai yi komai ba.

"Mai Inji ta, yau ko sannu babu?"

"Na ga katifarka."

Ya tsaya.

"Na ga butar ma. Da ka dawo min da ita, da ya fi mutunci."

"Butar? Innalillahi... dillalin da na sayar wa kayan ne ya kwashe komai, ban duba ba. Ki tsaya ki ji, ranki ya daɗe."

"Ka tafi kawai. Ba kai ne na farko ba."

Ya jawo benci ya zauna. Ya ce wata guda da ya wuce ya sami Umma da maganata, ta ce ba za ta ba ɗan haya mai katifar mutum ɗaya 'yarta ba. Shi ne ya nemi ɗan aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ya kama ciki da falo a bayan kasuwa, ya sayar da tsofaffin kayansa don ya sayi sababbi. Wai so yake ya ba ni mamaki.

"Kamfanin fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne sun kira ni. Ban ba su amsa ba tukuna... sun ba ni wata biyu."

Na ji daɗi da bai yi min ƙarya ba, na kuma ji haushinsa har wuya.

"Ka taɓa ganin garin nan a dogon hutu?" na tambaye shi.

"A'a. Gida nake tafiya."

"To garin da kake so ba shi ne garina ba. Kai ka san na wata tara. Ka zauna ka ga na wata uku. In ka iya, sai mu yi magana."

"Haba masoyiya..."

"Na gaji. Ba zan zama Yaya ba."

Aka yi hutu, garin ya kwanta kamar yadda ya saba. Masu shayi suka kife bencunansu, gidan kallon ƙwallo ya rufe, masu babur suna gyangyaɗi a inuwa. Bakin tafkin da ba a samun wurin zama ya koma na awaki. Ni ina buɗe shago ne don kada in zauna a ɗaki. Sai in wuni ban kunna inji ba.

Satin farko kullum yana zuwa da dariyarsa. Sati na uku dariyar ta ragu. Mai Tabarau kuwa ba ta huta ba, tana turo masa hotunan ofis da manyan tituna, yana nuna min da kansa.

Sati na shida ya ɓace.

Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Wayarsa a kashe. Umma kuwa sai ta riƙa ƙara min abinci, abin da ya fi faɗa ciwo. Na ce wa kaina dama na sani, amma duk ƙarar babur sai na leƙa.

Rana ta biyar da hantsi ina share shago ya shigo, ya rame, riga duk ta yamutse. Ya zube a benci.

"Na je na ga ofishin," ya ce. "Yana da kyau ƙwarai."

Na riƙe tsintsiya gam.

"Garinku kuma ba shi da daɗi a hutu, Mai Inji. Ko kaɗan. Na tsane shi."

"Ni ma," na ce. "Tun ina yarinya."

"Na ce musu su ba wani aikin. Daga can na biya gida, shi ya sa na daɗe. Kawunnaina biyu za su zo neman aurenki ranar Asabar." Ya ɗago ya dube ni. "Na kasa zama inda ba kya nan... na gwada, wallahi na gwada."

Sai a lokacin kukan ya zo. Na zauna a ƙasa da tsintsiyata ina yi, shi kuma yana ta "yi haƙuri, yi haƙuri" kamar shi ma zai fara.

Ashe Umma tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da gida. Ta daɗe tana kallonsa, ta goge hannunta a zani.

"Ka gaya wa kawunnan naka su sa rana kafin ɗalibai su dawo," ta ce. "In aka koma karatu ba ni da lokacin biki."