Ƙafar da Mai Ganga ke Kallo

"Cire zoben nan, a mayar masa."

Kawu ne, ƙanin Mama, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar Baba. Na cire zoben baikona da mai gangar cocinmu, na ajiye a kan tebur. Ban ji komai a raina ba.

"Mai gangar cocinmu ya kurmance, kin sani, kika ɓoye mana?"

Na sani. Wata shida ke nan da zazzaɓi ya tafi da jinsa. Ni ce a layin gaba na mawaƙa, sai muka shirya: in riƙa buga ƙafa, shi ya kalla ya bi. Mai jan waƙa ce kaɗai ta gane. Ta daɗe tana sonsa, ita ta kai wa Kawu labarin.

Mama dai tana ta ninke wanki.

Ranar Lahadi mai gangar ya tare ni a bayan coci.

"Abar ƙaunata... kin rame."

"An raba mu." Na faɗa a hankali don ya karanta leɓena.

"Yau fa? Za ki ara mini ƙafar?"

"Kawu ya ce in na motsa ta, ba shi ba ni."

Ya gyara igiyar gangarsa. "To... Allah na nan."

Aka ɗauki waƙa, na tsaya kamar gunki. Baiti na farko ya bi da ka, a na biyu ya wuce mu. Tafi ya rikice, tsofaffi suka yi shiru. Ya san ya ɓace, amma bai daina ba. Ina kallo kamar a wani gari ake yi.

Sai na ji dim... dim... a gefena.

Mama ce. Ta fito da ciwon gwiwarta, ta tsaya inda zai gan ta, tana buga ƙafa. Ta kusa da ita ta bi. Layi ya bi layi, har katakon da yake tsaye a kai ya fara girgiza. Ya lumshe ido, ya kama kiɗan.

Da aka tashi Kawu ya ce, "Yaya, wannan fa?"

"Shekara bakwai yana riƙe mana waƙa, mu rana ɗaya za ta gagare mu?" Ta juyo gare ni. "Ke kuma kin daskare kamar turmi. Je ki taya mijinki ɗaukar ganga."

Sai a lokacin hawayen suka zo.