Zaren da Mai Sito Ya Kai wa Boka

Kusa da Mai Sito na zauna a ajin koyon manhaja, shi ya sa labarinsa har yau yake min ciwo.

Kamfaninmu ne ya kawo sabuwar manhaja mai haɗa sito da saye da sayarwa da albashi wuri guda. Malamar da aka ɗauko ta koya mana ta ce, "Ku riƙe wannan tun yau: komai a haɗe yake. In aka cire katan ɗaya a sito, kowane ofis sai ya ji a jikinsa."

Mai Sito na ta hamma. "Wai sai yaushe mutum zai ƙware?"

Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa, yayana."

Ya ja tsaki. Ya ga masu kafa wa kamfanoni manhajar nan suna hawa manyan motoci, shi kuwa ko linzamin kwamfuta gardama yake masa.

Daga baya ya gaya min da bakinsa inda ya je. Ɗakin wani boka ne bayan tsohon gareji, ba taga, da rana tsaka ma duhu ne. An rufe bango da jan ƙyalle, ƙahoni na reto, ga ƙwarya cike da baƙin ruwa. Ɗakin na warin ƙonannen gashi.

"So nake ilimin nan ya shige kaina gaba ɗaya, arziki ya biyo baya."

Boka ya dube shi. "Kai mai sito ne. Ana zuba sabon kaya a cikakken ɗaki?"

"Sai an fitar da tsoho."

"To, za a fitar."

"Me ke kaina ban da wahala? A kwashe!"

"Kawo min zare daga rigar duk mai ci a tukunyarka."

Ya kawo, wallahi, bai ko tambayi dalili ba. Boka ya ƙulle zaren duka ƙulli ɗaya, ya jefa a ƙwaryar, Mai Sito ya shanye ruwan.

Kafin mu gama koyon shigar da kaya, ya wuce malamar. Ya bar aiki, kamfanoni suka riƙa layi a ƙofarsa. Ya gina bene.

Sai matarsa ta fara manta gishiri. Muna ta yi mata dariya. Da ya kafa wa kamfani na gaba manhajar, ta manta sunayen 'ya'yanta, ta fita titi tana tambaya gidan wa ta kwana. Mahaifiyarsa ta manta yadda ake haɗiye abinci, haka ta bushe har ta cika. Autansa ya tsaya tsakiyar titi ya rasa inda za shi, mota ta kwashe shi. Innalillahi!

Ya koma wurin boka yana kuka. "Saura 'yata ɗaya. Cire zarenta!"

"Ƙulli ba ya kwantuwa," in ji boka. "Sai dai a ɗebi rabonta a kanka."

"A ɗiba."

Jiya na je dubiya. Yana zaune a ƙofar benen, yana koya wa iska yadda ake shigar da kaya, ba kuskure ko ɗaya. 'Yar ta durƙusa da kwano. "Baba, ga abinci."

Ya dube ta da fara'a. "Baiwar Allah, a wane ofis kike?"

Na juya na share hawayena. Jama'a, ku guji kwaɗayi, ku koyi abu da sannu. Duk wanda ya ce zai cika muku kai a yini ɗaya, ku tambaye shi daga ina zai ɗebo.