Filin da Lantana Ta Goge

Ku matso. Kai Sagiru, rufe bakinka kafin sauro ya shiga.

Tun ba a haife ku ba, akwai wata ma'aikata a Kaduna mai babbar kwamfuta, wadda ta cika ɗaki guda. Sanyin ɗakin kamar cikin randa, kuma doka ce sai ka cire takalmi a ƙofa saboda ƙura. Lantana ce mai buga takardu a can. Gwana ce, amma ba ta da tausayi ko na anini.

Aikinta daidaita rubutu. In layuka suka yi tsawo da gajarta, sai ta ba injin umarni, kalmomi su gangara su cike gurbi. Injin ba ya tsayawa sai ya tarar da layin da ba komai a cikinsa. Wannan filin shi ke raba sakin layi da ɗan'uwansa.

Wata Juma'a aka ba ta takardar rage ma'aikata. Sunayen waɗanda za su zauna a sama, har da nata. Fili. Sannan na korarru a ƙasa. Na farko a cikin korarrun Garzali ne, ƙaninta, maigadin ƙofa, mai 'ya'ya biyar.

Rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Ita kaɗai, tana kuka.

"Sannu da aiki, 'yata."

Wani tsoho ne a bayanta. Muryarsa ba daga bakinsa take fitowa ba, daga cikin injin take fitowa. Ta dubi ƙofa. Takalminta kaɗai ne. Ta dubi ƙafarsa. Dunduniya a gaba, yatsu a baya.

Maimakon ta yi addu'a, sai ta kasa kunne.

"Goge filin nan," in ji shi. "Ki daidaita. Ƙaninki zai hau sama."

Ta goge. Sunaye suka gangara suka haɗe, Garzali ya manne da na sama.

"Saura ki sake raba su. Amma wancan filin nawa ne, a nan nake kwana. Sabon fili sai da mutum ake yin sa. Wa za ki ba ni?"

Ko numfashi ba ta ja ba. "Ɗauki Baba Iro masinja. Ya tsufa, ba mai nemansa."

"Matarsa makauniya fa?"

"Ina ruwana."

Tsohon ya yi dariya, fankar injin ta taya shi. "Ni na kusa nake ɗauka."

Ta danna. Fili ya buɗe a ƙarƙashin sunan Garzali. Ta waiwaya, ba kowa. Ta buga takardar da murna, ba ta ko karanta ba. Da ta karanta, da ta ga sunanta ba ya sama, ba ya ƙasa.

Ta fito da gudu don ta yi wa ƙaninta albishir, ya dawo daga masallaci ke nan. Ta kama hannunsa. Ya fizge.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Garzali, ni ce Yaya!"

"Ni ba ni da ya. Fita, ko in sa sanda."

Har gida ta je. Uwar da ta haife ta ta miƙo mata sadakar tsaba ta rufe ƙofa.

Ni da kaina na gan ta, tana zaune a bakin ƙofar ma'aikatar ba takalmi, tana ba duk mai wucewa labarin nan. Garzali ne ke korarta kullum da safe. Na tsaya na ji, na tausaya mata ƙwarai, amma ina juya baya fuskarta ta ɓace mini.

Don haka kada ɗayanku ya kuskura ya zauna shi kaɗai a ofis rana tsaka. In kuma kun ga fili a takarda, ku bar shi yadda kuka same shi. Da mai shi.