Hannun Mati

Shekarar da naira ta fito, wata ranar Laraba da almuru, Laure tana kwashe tuwo a gidan mijinta Alhaji Ubale a Gumel, sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Wata ta sake faɗowa, sannan wata.

Kwana bakwai ana haka. A na takwas, 'yarta Asama'u ta tashi daga kan sallaya, hannunta na dama ya lanƙwashe ya manne da ƙirjinta. Ta zauna a gindin rumbu, tana wani gurnani daga maƙogwaro, irin na injin niƙa idan ya ɗau zafi.

Laure ta san wannan ƙara. Shekara tara ƙaninta Mati yana tuƙa injin Alhaji a bakin kasuwa. Wata biyu da suka wuce Alhaji ya ce mata Mati ya ɗan ji ciwo a yatsa saboda gangancinsa, ya tafi gida Sule Tankarkar ya huta. Ta so ta je dubiya, ya hana. Ta haƙura.

Aka kira Malam Ɗantsoho daga Gagarawa. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka yi hayaƙi, ya zauna yana karatu har rana ta yi ja. Sai bakin Asama'u ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Malam, daina ƙona ni. Shaida na zo bayarwa."

"Wace ce ke?"

"A tsamiyar bayan inji nake, ni da 'ya'yana. Mati bai taɓa zubar da ruwan zafin inji ba sai ya yi bismilla, ya ce masu wuri a gafarta. Sau uku ina ji yana roƙo a yi wa bel ɗin da ke juya injin murfi. Ranar da bel ɗin ya kama hannun rigarsa, ina kallo. Har gwiwar hannu ya ci."

Muryar ta ci gaba.

"Wanda aka kawo a madadin Mati ya ƙona mini ɗa da ruwan zafi. Ga maigidan nan. A tambaye shi me ya binne a gindin itacena da safe, sannan ya wanke injin ya ci gaba da niƙa."

Alhaji ya sunkuyar da kai, bai musa ba.

"Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba," in ji Malam. "Me zai fitar da ke?"

"Hannu da hannu."

"Ba ki da wannan iko. Hukunci na alƙali ne."

Sai muryar tsohuwar ta sassauto.

"To, ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa. Ya biya diyya. Ya ci da iyalin Mati muddin ransa."

Alhaji ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Asama'u ta yi atishawa sau uku, hannunta ya saki, ta yi barci.

Washegari Laure ta yafa mayafi ta hau motar kasuwa zuwa Sule Tankarkar, ba ta nemi izini ba.

Ta tarar da Mati a bayan ɗaki, shi kaɗai, ya juya wa tsakar gida baya. Ya rame. Akushi na gabansa, yana ƙoƙarin gutsurar tuwo da hagu, miya tana bin gwiwar hannunsa. Matarsa Hajjo ta ce a hankali, tun da ya dawo bai yarda ya ci abinci a gaban kowa ba.

Da ya ga Laure, ya yi sauri ya ɓoye ragowar hannunsa na dama a ƙarƙashin riga.

"Yaya, na ce kada a gaya miki. Aurenki nake ji."

Laure ta jawo buta ta wanke hannunta, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta gutsuri loma ta dangwali miya.

"Buɗe bakinka," in ji ta.