Mai Shan Muryar Tasha

"Ku matso kusa," in ji Yaya Sabi'u, ɗan kawunmu, bayan mun ci tuwon dare. "Wannan ba a faɗarsa da ƙarfi."

Akwai wani Tanimu, mai kula da na'urar watsa shirye-shirye ta wani ƙaramin gidan rediyo. Eriyar tana kan dutse, bayan gari. Wata shekara muryar tashar ta fara ja da baya. Ƙauyukan nesa suka daina ji. Sannan na kusa. Manaja ya ce wa Tanimu ko ya gyara, ko ya bar aikin.

Ya hau dutsen da rana tsaka, shi kaɗai, da ƙaramin rediyo a aljihu. Ya duba janareto, wuta lafiya. Ya bi wayar da ke hawa eriya, ba tsatsa, ruwa bai shiga ba. Allurar mita ta nuna ƙarfi yana fita cif. Amma rediyon aljihunsa shiii kawai yake, a gindin eriyar.

Sai ya lura tsuntsaye sun yi tsit.

Wani tsoho na zaune jikin ƙarfen eriyar. Rana tana dukansa, ba shi da inuwa.

"Sannu, Baba," Tanimu ya ce.

Bakin tsohon ya motsa. Muryar kuwa daga aljihun Tanimu ta fito.

"Me kake nema, ɗana?"

"Ƙarfin tashar. Yana fita, ba ya isa ko'ina."

"Mu ke shanyewa. A tsakar gidanmu kuka kafa ƙarfenku. Yarana sun ɗanɗani muryar mutane, sun ƙi komai."

"Baba, ina da iyali," Tanimu ya ce.

"To ba yaran nawa muryarka. Ta mai rai ta fi ƙosarwa."

Tanimu ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Wani sanyi ya shiga maƙogwaronsa, ya fito da wani abu. Da gudu ya gangaro, takalmi ɗaya.

A yammacin nan tashar ta kai har ƙauyukan kan iyaka, tar. Manaja ya zo yi masa barka. Tanimu ya dube shi, leɓɓansa na motsi, ba sauti. Har ya rasu bai ƙara kiran sunan 'yarsa ba.

Ƙanwata Barira ta riƙe hannuna gam.

"Gobe an aike ku itace, ko?" Yaya Sabi'u ya ce a hankali. "Ku zagaye dutsen. Wanda ya bi hanyar eriya shi kaɗai, aka gaishe shi, kada ya amsa."